Watan da Ƙaguwa Ke Sauka

Tambaya ɗaya ce baƙi ke aiko wa masaukin yayata Vinola, ko da yake kowa da irin rigar da yake sa mata: wane lokaci ne ya fi dacewa a zo tsibirin Providencia? Ni nake amsawa, domin ni ne mai gilashin karatu a gidan, kuma ni ne na yi shekara talatin da ɗaya ina auna ruwan sama da gwangwanin madara a bayan ɗaki. Ba wanda ya sa ni. A aji huɗu na bar makaranta na bi mahaifinmu gyaran kwale-kwale. Sauran abin da na sani a littattafan da baƙi ke mantawa a ƙarƙashin gado na tsince shi, shi ya sa ilimina ya fito kamar rigar da aka haɗa da ƙyallayen tela.

Ba na yi wa baƙo ƙarya. Na daɗe ina ɗauka tsoron Allah ne, sai daga baya na gane rabinsa girman kai ne. In mutum ya ce zai zo a Janairu, sai in gaya masa iskar arewa za ta cika masa abinci da yashi. In ya ce Maris, in ce rana ta yi kyau amma tankunan ruwa sun kusa ƙafewa, da kofi zai yi wanka. In ya ce Oktoba, in tambaye shi ko ya taɓa ganin rufin gida yana tafiya a sama. Vinola ta ce a duk tsibirin nan ba wanda ya kori baƙi kamar ni, har da guguwa, domin ita guguwa sau ɗaya take zuwa cikin shekaru, ni kuwa kullum ina nan.

Wajen ashirin ga Afrilu saƙon Ermina Taylor ya shigo wayata.

Ermina ita ce yarinyar da na so ina ɗan shekara ashirin da huɗu. Ta sani, kowa ya sani, har kajin unguwa sun sani. Abin da ya rage in buɗe baki. Sai na zauna ina nazarin ko ya halatta mutumin da ba shi da kwale-kwalen kansa ya nemi mace ta jingina rayuwarta da tasa. Shekara biyu na yi ina juya maganar. Ranar da na kai ga cewa ya halatta, da wasu sharuɗɗa guda uku, ta riga ta yi wata huɗu a Colón ta ƙasar Panama tana auren wani ma'aikacin jirgin ruwa. Ban yi aure ba. Mutane sun ɗauka tsananin so ne, ni ma ban gyara musu ba, amma gaskiya ita ce duk wadda ta biyo baya ita ma an riga ni, ina cikin nazari.

Mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce. Saƙon nata gajere ne. Ta ce ɗanta Reinaldo da ke can birnin Tampa ya gama mata takardu, a ƙarshen Yuni zai zo ya ɗauke ta ta koma wurinsa gaba ɗaya, saboda gwiwarta. Ta ce yana so a sayar da gidan mahaifinta na unguwar Freshwater Bay, akwai mai otal da ke nema. Sai ta rufe da cewa: “Ina tunanin in leƙo tsibirin. Orvil, wane lokaci ne ya fi dacewa in zo?”

Na karanta sau biyu. Shekara talatin da bakwai ban yi mata wani amfani ba, yau ga shi ta tambaye ni abu ɗaya da na fi kowa sani a duniya. Na ce wa kaina wannan matar ba za a ba ta amsar da ake ba baƙi ba. Cikakkiya za a ba ta.

Kwana huɗu na yi ina rubutu da hannu. Na bi watanni goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da alherinsa da sharrinsa, kuma da yake ni mai adalci ne, ban bar wata ko ɗaya ya tsira ba. Na kawo mata ruwan da aka yi a kowane Yuni tun shekarar da na fara aunawa. Na yi mata bayanin ƙananan ƙudajen yashi masu cizo da yamma. A kan Mayu kaɗai na ci shafi ɗaya da rabi: ruwan farko, sauro, teku mai jijjiga hanji tsakaninmu da tsibirin San Andrés inda ake hawo jirgin ruwa zuwa nan, ga baƙar ƙaguwa na saukowa daga dutse zuwa teku ta zubar da ƙwai, a rufe hanya, a hana kama ta har ƙarshen Yuli, mutum ya zo ya koma bai ɗanɗana miyar ƙaguwa ba. Shafi tara cif. Na ɗauki hoton kowanne a hasken taga na tura mata, har na sake tura na bakwai domin babban yatsana ya rufe kusurwa.

Bayan kwana biyu ta amso: “Na gode da wahala. Na ga babu lokacin da ya dace. Allah ya bar zumunci.”

Na ji daɗin cewa ta fahimci bayanin. Har na shiga kicin da wayar a hannu don in nuna wa Vinola cewa akwai masu daraja aikina.

Tana zaune a kan kujerar gurza kwakwa, za ta dafa rondon, miyarmu ta kifi da ruwan kwakwa. Ta ce in karanta mata saƙon farko. Na karanta. Ta ce in karanta na ƙarshe. Na karanta. Ta ajiye ɓarin kwakwar a hankali, ta goge hannu a zani.

“Farfesa,” ta ce. Haka take kirana in za ta yanka ni. “A ina aka haifi Ermina?”

“Bayan cocin Freshwater Bay.”

“A ina aka binne cibiyarta?”

“Gindin mangwaron babanta mana, Yaya. Kowa ya sani.”

“To matar da cibiyarta ke gindin mangwaro a tsibirin nan, ita ce ba ta san watan da ake ruwa ba? Ita ce za ka koya wa ƙaguwa? Yarinyar da ke cika buhu kafin kai ka kama uku?”

Na ce shekara talatin da bakwai ba kwana talatin da bakwai ba ne, yanayi ya canza, alƙaluma sun nuna.

“Alƙaluma sun ci gidansu! Mace ta ce maka za a ɗauke ni a kai ni inda ba zan dawo ba, za a sayar da gidan ubana, in zo? Kai kuma ka aika mata da labarin sauro. Shafi nawa?”

“Tara.”

“Tara! Ubangiji, ka ga abin da uwata ta bar mini. Ko shari'ar fili ba a yi mata shafi tara.”

“Abin da ta tambaya na amsa.”

“Abin da ta rubuta ka amsa. Abin da ta tambaya yana nan zaune yana jiranka tun kana da gashi a ka.”

Ta ɗauki kwakwarta ta ci gaba da gurza, da ƙarfin da ya nuna ba kwakwar take gurza ba. Na tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka aiko ya manta saƙo. Can ta ɗago.

“Yau nawa ga wata?”

“Ashirin da shida.”

“Ƙarshen Yuni yaron zai zo. Wata biyu ke nan. Na san a wurinka wata biyu ko gabatarwa ba ta isa ba, amma ka gwada.”

Da na ce na ruga na kira ta a take, da na yi ƙarya. Kwana goma sha biyu na yi.

Ga inda na maƙale. Lokacin da ya rage mata Mayu ne da Yuni, kuma ni da hannuna na rubuta cewa su ne watannin da ba a so. In na kira na ce, “Ermina, yanzu ne lokacin da ya fi dacewa,” na yi ƙarya, kuma tana da shaidar a wayarta da rubutuna. In na yi shiru, ban faɗi abin da ba haka ba, amma na bar ta da fahimtar cewa ba na son ta zo, wadda ita ma ba gaskiya ba ce. To wace ƙaryar ta fi nauyi, wadda baki ya furta ko wadda shiru ya haifa? Na kwana uku a kan wannan kaɗai, ina goge gefen wani kwale-kwale da ba ya bukatar guga.

Da na fita daga wannan ramin sai na faɗa wanda ya fi shi zurfi, kuma wannan na gaske ne. A Tampa akwai likitan gwiwa, akwai ɗanta, akwai jikoki. A nan akwai ƙaramin asibiti, da jirgin da ke tashi in iska ta ga dama, da ni, tsoho mai shekara sittin da ɗaya da ɗaki ɗaya a bayan masaukin yayarsa. Ya halatta in ja mace daga inda za a kula da ita, don kawai ni ina jin kaɗaici da yamma? Na kai wa Vinola wannan, ina tsammanin ko ita za ta yarda tambaya ce mai nauyi.

“Ta ce ka zama likitanta?” ta ce. “Ermina ta haifi ɗa, ta binne miji, ta riƙe shago shekara ashirin a Colón. Ta san inda gwiwarta ke mata ciwo. Kai faɗi naka, ka bar ta ta auna nata. Wa ya naɗa ka mai yanke wa mutane hukuncin abin da za su iya ɗauka?”

Wannan ya shige ni, domin ban taɓa kallon nazarina ta wannan gefen ba. Ashe duk shekarun nan da nake cewa ina tausaya wa mata ne da nake jinkiri, zaɓin nake ƙwace musu ina riƙewa a aljihu har ya ruɓe.

Ranar bakwai ga Mayu aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Washegari da hantsi na zauna a kan kifaffen kwale-kwale na kira ta. Na rubuta abin da zan faɗa a bayan takardar sabulu, amma da na ji muryarta sai takardar ta zama kamar da wani harshe aka rubuta ta.

“Orvil Hawkins,” ta ce. “Ka manta wani sauron ne ba ka ba ni labarinsa ba?”

“Akwai gyara a shafi na shida,” na ce. Allah ya sani ba abin da na shirya ke nan ba. “Ruwan Yuni na shekarar da aka gyara gada, na rubuta…”

“Wannan ka kira ka gaya mini?”

“A'a.”

“To ina ji. Ina da wake a wuta.”

“Mayu ba shi da kyau, Ermina.”

“Na sani.”

“An fara ruwa jiya. Sauro ya fito. Teku ta ɓaci. Za a fara rufe hanyar gidanku da yamma, ni ma ina cikin masu tsaron sandar tare hanya. Babu miyar ƙaguwa.”

“Orvil, a Mayu aka haife ni.”

“Ki zo.”

Na ji wata mota tana hon a can Colón.

“Me ka ce? Layin ba kyau.”

Layin lafiyarsa lau. Na sani, ta san na sani.

“Na ce watan ba shi da kyau, ba zan ce miki yana da kyau ba. Amma ki zo a cikinsa. Ina so ki zo. Ni nake so.”

“Ikon Allah,” ta ce a hankali. “Kalma nawa ke nan? Ko rabin shafi ba su cika ba. Ba ka da lafiya ne?”

“Za ki zo?”

“Zan duba. Wakena zai ƙone.”

Ta kashe. Mako biyu ban sake jin ɗuriyarta ba. Na tura gaisuwa sau biyu, ta amsa da hoton babban yatsa. Ashe ta gaya wa Vinola ranar da za ta zo, suka haɗa baki kada a gaya mini, wai kada in aika mata da bayanin igiyar ruwa ta fasa.

Aikin sanda ba wuya gare shi. In ƙaguwa ta fara sauka, ana rufe wani yanki na hanya ta gefen Freshwater Bay, sanda a wannan baki, sanda a wancan, mota da babur su tsaya har ta gama wucewa. Ni na roƙa aka sa ni, shekara shida ke nan, ba a biyana. Aiki ne da ya dace da halina: doka ɗaya ce, a rubuce take a allo, kuma ana zagina a kanta.

Ranar wata Alhamis an wuni ana yayyafi. Tun kafin rana ta faɗi suka fara fitowa daga ciyawar gefen dutse, ɗaya, biyar, sai ga hanya ta yi baƙi tana motsi. Matan ne, kowace da curin ƙwai a ƙarƙashin ciki, suna tafiya a karkace da hannu a sama kamar masu rantsuwa. Na sauke sanda. Ban fi minti ashirin ba sai ga a-kori-kurar Delbert, wanda muka yi aji ɗaya da shi kuma ya fi ni daɗewa a makaranta da wata uku, abin da bai taɓa bari na manta ba.

Ya danna hon. “Farfesa! Ɗaga sandar nan, babbar baƙuwa na ɗauko!”

“Ko gwamna ka ɗauko, ka san doka.”

“Leƙo dai ka ga gwamnan.”

Na leƙa. Tana zaune a gaba, ta rungume jaka a cinya, gashinta ya yi fari fat, fuskarta kuwa ta yi launin ɗanyen gwanda. Jirgin ruwan da ya kamata ya iso da azahar sai la'asar ya iso, awa biyar teku tana wasa da su. Ta dube ni ta gilashi.

“Shafi na biyar,” ta ce da ƙyar. “Ba ka yi ƙarya ba.”

Na cire hula. Na mayar. Na sake cirewa. Duk abin da na tanada na shekara talatin da bakwai ya gudu, abin da ya fito shi ne, “Sannu da hanya.”

“Sannu da hanya!” in ji Delbert. “Ji mutum! Ɗaga mana, matar nan tun safe ba abin da ya zauna a cikinta. Vinola ta share gidan, ta kunna fitila, tana can tana jira. Taku ɗari huɗu ne.”

Gidan mahaifin Ermina a tsakanin sandunan biyu yake. Ko Delbert ya zagaye tsibirin gaba ɗaya ya ɓullo ta wancan gefen, wata sandar zai tarar. Na dubi hanyar. Babu inda taya za ta sauka ba a kan uwa da ƙwanta ba. Na dubi Ermina, na dubi sandar gora da take dogarawa, an jingine ta a gefen kujera.

“Ba zan iya ba,” na ce.

Delbert ya fito daga mota don ya ji daɗin faɗan sosai. “Jama'a ku zo ku gani! Shi ya kira ta, shi ya tare ta! Daga Panama matar nan ta taso, ta hau jirgin sama, ta hau na ruwa, ta amayar da hanjinta, ta zo taku ɗari huɗu daga gidan ubanta, sai ga ƙaton ƙaguwa mai hula ya ce ba ta wucewa!”

“Ranar Lahadi na hana fasto da babur ɗinsa,” na ce. “Da ƙafa ya tafi, a cikin ruwa. In na ɗaga yau, to ranar Lahadi ba doka na bi ba, zalunci na yi masa.”

“Fasto za ka aura?”

Masu babur uku da ke jira suka fashe da dariya. A raina kuwa na riga na ga yadda za ta ƙare: za ta kwana a masauki a gari, gobe ta tambayi jirgin komawa, ta ba jikokinta labarin wani tsohon wawa da ya fifita ƙaguwa a kanta. Hannuna yana kan igiyar sandar. Ja ɗaya ne. Ban taɓa jin doka ta yi mini nauyi a hannu kamar ranar ba, kuma ban ja ba. Ba na ce jarumta ce. Mai yiwuwa hannun ne kawai bai saba ba.

Ƙofar motar ta buɗe. Ermina ta sauko da ƙafa ɗaya, ta jira, ta sauko da ɗayar.

“Delbert, rufe mana baki,” ta ce. “Kai kuma kada ka kuskura ka ɗaga. In ka ɗaga zan san ba Orvil ba ne, wani ne ya ari fuskarsa.” Ta dubi hanyar, ta daɗe tana kallo. “Kai, sun yi yawa bana. Rabon da in ga wannan…” Ba ta ƙarasa ba. Ta gwada taku uku, a na huɗu gwiwar ta ƙi, ta kama sandar hanya.

A gefen hanya akwai gidan da ake sake ginawa, magina sun tashi sun bar baro a kife a kan yashi. Na dube shi. Na dubi allon doka. Mota da babur aka rubuta. Baro ba shi da inji, tayarsa ɗaya ce, mai tura shi yana ganin inda take sauka. Amma manufar dokar fa? Ai ba inji ne ke kashe ƙaguwa ba, taya ce. Sai dai in an yi la'akari da…

“Yana nazari,” in ji Delbert. “Ku samo kujeru. Mis Ermina, kin zo da abincin kwana biyu?”

Na je na ɗauko baron. Na zubar da ruwan ciki, na shimfiɗa rigar ruwana. Na karyo reshen kwakwa na miƙa mata.

“Ki zauna. Ki riƙa share gaba, ni ina turawa a hankali. Delbert, ka tsaya a sandar nan. Ko uwarka ce ta taso daga kabari a kan babur, kada ka ɗaga.”

“Ni? Ni zan tsare maka doka?”

“Kai ka fi ni ilimi da wata uku.”

Ermina ta dubi baron, ta dube ni. “A Colón da motar haya nake zuwa coci,” ta ce. Sannan ta juya ta zauna, ƙafafu a waje, jaka a cinya, reshe a hannu kamar sarauniyar da aka yi wa juyin mulki.

Muka shiga. Tana sharewa dama da hagu, ƙaguwa na ja da baya suna ɗaga mata hannu, ni ina bin ɗan layin da ta buɗe. Ba ta da nauyi sosai, amma ni ma ba ni da ƙarfi sosai, don haka muka yi daidai. Kowane taku goma sai in tsaya wata mai taurin kai ta wuce.

“Hagu, Orvil. Hagu na ce! Ka kusa taka wannan.”

“Na gan ta.”

“Ba ka gan ta ba. Kai abin da ke gabanka ne ba ka gani, tun da can.”

Mun yi kamar rabi sai wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta ce Reinaldo ne, tun San Andrés yake kira, ba ta gaya masa ta taho ba sai da ta shiga jirgi. Na ajiye ƙafafun baron. Ta zaro wayar ta miƙo mini ta bayan kafaɗa.

“Ɗauka. Hannuna ba sarari, in na daina shara za su hau mu. Kai ne mai son bayani, yi masa.”

Na ɗauka. Murya ce ta babban mutum, a gajiye, cike da tsoro.

“Mama? Kin isa? Tun ɗazu nake… Wa ke magana?”

Tambaya ce mai sauƙi, amma ni ban taɓa haɗuwa da tambaya mai sauƙi ba. In ce abokinta? Bai cika gaskiya ba. In ce maƙwabci? Ba maƙwabta muke ba. In ce mai tsaron ƙaguwa, zai kira 'yan sanda. Na ga bayan kan Ermina, ta daina shara, ta karkato kunne.

“Sunana Orvil Hawkins,” na ce. “Mahaifiyarka ta iso lafiya, tana gabana a zaune. Ni ne wanda ke son ya aure ta, in ta yarda.”

Ƙafafun ƙaguwa na ta ƙara a kan kwalta.

“Ka ga mutum,” in ji Ermina, ba ta juyo ba. “Shekara talatin da bakwai ina jira, da ya tashi faɗa sai ya faɗa wa ɗana. Ba ni wayar nan.”

Na ba ta. Ta saƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa.

“Reinaldo, ni ce. Lafiya lau. A'a, ba mahaukaci ba ne, haka yake. Saurara. Ka gaya wa mai otal ɗin nan ba na sayarwa. Ɗakin da ka gyara mini kuma ka ba yaran, sun girma, sun isa raba ɗaki.” Ta saurara. “Na san da gwiwar, a jikina take. In ta matsa zan zo a duba ta in dawo.” Ta sake saurarawa, ta daɗe. Muryarta ta yi laushi. “Na sani, ɗana. Na sani. Ka zo a Yunin kamar yadda ka shirya, ka zo da yaran, ka gan shi da idonka. In bai yi maka ba ka faɗa mini, ba zan ji ba, amma ka faɗa.”

Ta kashe, ta jefa wayar a jaka, ta share ido da bayan hannu. Ni ina tsaye riƙe da hannayen baro, ban san ko an amsa mini ba.

“Ermina, abin da na ce masa…”

“Na ji. Na yarda. Amma gobe za ka zo gida da riga mai kyau ka faɗa mini ni, a tsaye, ba ina cikin baron siminti ba.” Ta ɗaga reshen. “Tura, bayana ya fara ciwo.”

Na ɗaga baron na tura.